Wata Rana Mu Ci Shinkafa Tare

"To ka je ƙarshen hanyar, sai kuma me?" in ji Inna Malsun, tana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya.

"Sai in sauka, Inna."

"Ka sauka ka yi me?"

"In tsallaka titi, in jira motar da za ta dawo."

Ta ajiye ludayin, ta riƙe ƙugu, ta ƙare masa kallo. "Kai Maji, anya kanka ɗaya? Mutum ya yi wanka, ya sa rigar fita, don kawai ya je ya ɗumama wa direba kujera? Ko dai wata ka ajiye a can kake ɓoye mana?"

"Wace wata, Inna? Tsofaffi ne da kwandunan kasuwa. Ƙaramar cikinsu ma ta girme ki."

"Rufe min baki, marar kunya. Kawo kwanon in ƙara maka. Babu alade a ciki, kifi ne, ka daina leƙensa kamar mai neman allura."

Asabar ce da rana, a ɗakin cin abinci na wata 'yar masana'antar kwandunan roba da ke zaune tsakiyar gonakin shinkafa, can wajen garin Umsong a Koriya. Inna Malsun ce mai dafa wa ma'aikata abinci, mace mai kaifin baki da sanyin zuciya. Shi kuwa sunansa Darmaji, mutumin Ponorogo ne a tsibirin Jawa na Indonesiya, amma tun ranar da ya zo aka gutsure sunan ya koma Maji don bakin mutane ya huta. Ya ba talatin baya, siriri ne, ba shi da yawan magana, in ya yi dariya sai ya sa hannu ya rufe baki.

Yana cikin shan miyar sai Yom Pansu, direban motar ɗaga kaya, ya tashi da tirensa. Dattijo ne mai furfura da faɗin ƙirji, muryarsa kamar ana jan buhu a siminti. Da ya zo wucewa ya daki kafaɗar Darmaji.

"Sannu da fama, Maji. Wata rana mu ci shinkafa tare, ni da kai."

"To, Yaya," in ji Darmaji, ya ɗan rusuna.

Ba yau ya fara jin wannan magana ba. Kusan duk ƙarshen mako sai Yom ya faɗe ta, shi kuma sai ya amsa, ya ɗauke ta ya adana a zuci. Ya san ba cin abincin wurin aiki ake nufi ba, inda kowa ke kifa kai a tire, ya watsa loma ya tashi kamar ana korarsa. Zama ake nufi, irin na mutum da mutum.

Aikinsa ba mai wuyar koyo ba ne. Inji ya buɗe baki ya tofo kwando da zafinsa, shi kuma ya cafe, ya bi gefensa da wuƙa ya kankare ɓarɓashin roba, ya ɗora a kan ɗan'uwansa. In tulin ya kai tsayin mutum, sai Yom ya zo da motarsa ya kwashe. Ƙarar injuna ba ta barin kowa ya ji kowa, sai dai nuni da hannu. Da yamma 'yan ƙasa su shiga motocinsu su watse, samarin Kambodiya biyu da ke aiki a wurin su shige ɗakinsu da yarensu, shi kuma ya zagaya baya zuwa kwantenar da aka mayar ɗakin kwana.

Da can su biyu ne a ɗakin, shi da Kasiran, ɗan garinsu, mutum mai surutu kamar rediyo. Da bazara wa'adin zamansa ya cika ya koma gida, ya bar masa tukunyar dafa shinkafa da ƙusa a bango inda yake rataye rigarsa. Tun daga nan Lahadi ta zame wa Darmaji rana mai tsawo. Injuna su yi shiru, farfajiya ta zama fayau, babu mai motsi sai karen da aka ɗaure a bakin ƙofa. In ya gama wanki ya shanya, sai ya ga har yanzu hantsi bai dubi ludayi ba.

Shi ya sa yake fita. Ya taje kai, ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya taka har bakin titi inda aka shanya jan barkono a kan tamfol, ya jira bas. Wata Lahadin ya bi ta har ƙarshen hanya. Wata kuma, in ta dace da ranar kasuwa, ya sauka a gari ya bi rumfuna yana kallon busasshen kifi da tulin kabeji, ba don zai saya ba, don dai kafaɗarsa ta gogi ta mutane. In yunwa ta taso ya shiga ɗan kantin nan da ba ya rufewa, ya sayi dunƙulen shinkafa, ya zauna a doguwar kujerar da ke fuskantar gilashi, ya ci yana kallon titi. Wani lokaci akwai wani a kujerar gefe, shi ma da nasa dunƙulen, amma kowa idonsa a kan wayarsa.

A bakin kogi yakan jingina wayarsa da dutse, ya ja da baya, ya tsaya yana murmushi har ta ɗauke shi, ya aika wa matarsa Tumini.

"Baban Laras, ka yi kyau. Wa ya ɗauke ka?" takan tambaya.

"Abokai ne," yakan ce.

Sanyin ƙasar ya saba da shi, tsawar maigida ma ta daina taɓa shi. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne cin abinci shi kaɗai. A garinsu ko rogo aka dafa sai an shimfiɗa tabarma, maƙwabci ya leƙo a matsa masa. Nan kuwa sai ya zuba shinkafa ya zauna a ƙasa, ya ji ƙarar taunarsa kaɗai a kunnensa.

To ranar Asabar ɗin nan da aka tashi aiki, sai ya ga alkawari ya daɗe a ajiye. Ya ce a ransa, wataƙila dattijon nauyin baki yake ji, ko kuwa yana tunanin abin da zai ba Musulmi ya ci. In haka ne ai ƙarami ne ya kamata ya sauƙaƙa wa babba. Ya same shi a farfajiya yana kakkaɓe hularsa.

"Yaya, gobe fa?"

"Gobe me?"

"Shinkafar. Ni zan dafa, a ɗakina. Abincin garinmu."

Yom ya tsaya da hula a hannu. Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa, ya yi 'yar dariya. "Oho! Abincin garinku. Da kyau, da kyau. Bari dai mu gani." Ya shige motarsa ya ja.

Darmaji ya tsinci "da kyau" har guda biyu ya riƙe, ya bar "mu gani" a ƙasa.

Kafin magariba ya isa gari, shagon wata 'yar Biyetnam mai sayar da kayan cefanen baƙi. Ya sayi kazar halal daskararriya, da kurkur, da citta, da tafarnuwa, da ganyen ƙamshi, da lemun tsami. Soto zai yi, romon kazar nan mai ruwan ɗorawa da ake zubawa a kan shinkafa, wanda a gidansu ba a yinsa sai in akwai baƙo. Ya tsaya a gaban kwalaben giya na ɗan lokaci, don ya san Yom na sha, sannan ya kau da kai ya ɗauki lemon inabi marar sa maye.

Da asuba bayan ya yi salla ya share ɗakin, ya naɗe shimfiɗa ya tura lungu, ya kwashe wankin da ke rataye a igiya. Ya aro ɗan gajeren tebur daga ɗakin cin abinci ya goge shi tas. Ya jera kwano biyu, cokali biyu, ya ajiye wa baƙonsa tsinken cin abinci ko zai nema. Sannan ya kira gida.

"Yau ina da baƙo," ya ce, yana ƙoƙarin kada murya ta tona shi.

"Ikon Allah! Wane ne?" in ji Tumini.

"Wani dattijo ne a wurin aikinmu. Kamar wa yake a gare ni."

"To ka soya albasar sannu a hankali, kada ka ƙona ta yadda ka saba. Kuma kada ka tsaya kana kallonsa yana ci, ka riƙa yi masa hira."

Laras, 'yarsu da ta fara makaranta bana, ta kutso kai cikin wayar. "Baba, in ya zo ka nuna min shi. Yana da gemu?"

"Ba shi da shi, sai dai tumbi."

Ƙamshi ya cika kwantenar har ya fita waje. Ya daka yaji mai zafi, don ya san mutanen nan ba su tsoron barkono. Ya dafa ƙwai ya raba biyu. Kafin rana ta take komai ya kammala, ya canza riga, ya buɗe ƙofa ya zauna a bakinta.

Daga nan ana hango titi, siriri, ya ratsa gonakin da suka yi jawur suna jiran yanka. Wata farar mota ta taho, ya miƙe tsaye, ta wuce. Wani tsoho ya bi baya a kan tarakta. Kare ya yi haushi sau ɗaya, Darmaji ya leƙa da sauri, ashe kyanwa ce. Ya yi azahar a gurguje, kunnensa na bakin ƙofa, har ya ji kunyar sallar. Mai ya taru ya kwanta a saman romon, ya kunna wuta ya ɗumama. Ya sake kwanciya, ya sake ɗumamawa, har naman ya fara rabuwa da ƙashi.

Ya yi ta ba Yom uzuri. Babba ba ya zuwa da wuri. Wataƙila ya biya gaida wani. Wataƙila a nan cin yamma ake nufi. Sai da inuwar masana'anta ta miƙe ta rufe ƙofar ɗakin, bayan la'asar, sannan ya ɗauki waya.

Ta yi ta ƙara kafin a ɗaga. Iska ce ke kaɗawa a cikinta.

"Wane ne? Maji? Lafiya? Wani abu ne ya kama da wuta?"

"A'a, Yaya. Abincin ne. Ya nuna."

"Wane abinci?"

Darmaji ya dubi kwanoni biyun da ya jera a kan tebur.

"Au," in ji Yom. "Kai, Maji. Ai ni... na yi nisa yanzu. Ka ci abinka, ka ji? Ka ci da yawa. Sai gobe."

Ya daɗe zaune da wayar a cinya. Daga baya ya zuba kwano ɗaya ya kai cokali baki. Soton ya yi daɗi, albasar ba ta ƙone ba, wannan ma sai ya ƙara masa ciwo. Saƙon Tumini ya shigo, tana tambaya ko baƙo ya yaba. Ya rubuta mata cewa har ƙari ya yi. Ya tattara ƙasusuwa ya kai wa karen, ya tsaya daga nesa ya watsa masa don kada ya lashe shi, sannan ya bi kunyar gona yana tafiya ba da niyyar zuwa ko'ina ba, har rana ta faɗi.

Washegari da safe ya ɗauki tukunyar da teburin ya kai ɗakin girki, don abincin ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Inna Malsun ta buɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Kai! Wa ya yi wannan? Kai? To me kake jira da ba ka karɓe min aiki ba? Biki aka yi ban sani ba?"

Ya gaya mata, a taƙaice, idonsa na kan murfin tukunyar. Ta fashe da dariya har sai da ta nemi kujera, tana dukan cinya. Da ta ɗago ta ga fuskarsa, dariyar ta ɗauke. Ta goge ido da bakin riga.

"Zauna, ɗan nan. Wannan maganar ai ba gayyata ba ce, gaisuwa ce. Kamar ka ce wa mutum sai an jima. Ni nan tun gashina na baƙi nake ce wa ƙanwar mijina wata rana mu ci shinkafa tare. Har yau ba mu ci ba, kuma ba na fatan mu ci."

"To don me ake faɗa?"

"Don kada a rabu baki a bushe. Ma'anarta, ban ƙi ka ba. Shi ke nan." Ta ɗaga yatsu biyu. "Ka riƙe wannan. In mutuminmu ya faɗi rana, ya faɗi wuri, to magana ce, sa takalminka. In bai faɗa ba, ka ce to, ka wuce. Duk shekarun nan da ka yi a ƙasar nan ba ka san wannan ba?"

"Ba wanda ya taɓa ce min haka, Inna. Sai shi."

Ta tashi ta ɗora tukunyar a wuta, ta juya masa baya tana motsawa, ko da yake babu abin motsawa.

"Shi ma Pansun sakarai ne," ta ce can. "Da ya ce maka a'a tun farko. Amma mutumin da matarsa ta tafi birnin Incon wurin 'yarsu tun bara waccan ba ta dawo ba, ɗakinsa ko teburin kirki babu, in ya ci naka da me zai rama? A nan in ka ci na mutum, wuyanka na ɗaure sai ka ciyar da shi. Tashi ka tafi aiki, kada maigida ya zo ya same ka kana shan iska a ɗakin mata."

An ce baƙo makahon gari ne. Darmaji ya yarda, amma sanin bai sanyaya masa rai ba. Duk makon Yom bai yarda sun haɗa ido ba. In ya zo kwasar kwanduna sai ya sunkuyar da hula, ya ɗauka ya juya. Wurin cin abinci ya koma can lungu, ya ba shi baya. Ranar Laraba Darmaji ya tarar da kwalin 'yan kwalaben nan na maganin gajiya a kan teburin injinsa, babu wanda ya ce shi ya ajiye. Ya raba wa samarin Kambodiya, ya sha ɗaya.

Abin da ya fi damunsa, dukan kafaɗar nan ya ɗauke, maganar ma ta ɗauke. Da, ko ba komai, yana da wata rana da yake jira. Yanzu ya je ya taɓa ta da hannu, ta fashe. Ya riƙa cewa a ransa da ya sani ya bar ta yadda take, ko banza tana ɗumama masa mako.

Ranar Asabar da hantsi aka kashe injinsa don a canza masa ƙarfen zubi. Yana tsaye yana jera kwanduna sai ga motar Yom ta tsaya a gefensa. Dattijon bai sauko ba, bai kuma dube shi ba, tulin yake kallo.

"Wannan jerin naka a karkace yake. So kake ya zubo min a ka?"

"Yi haƙuri, Yaya." Ya gyara, ko da yake a miƙe yake.

Yom ya yi gyaran murya. "Ka san dam ɗin nan na bayan tsauni?"

"Na taɓa hango shi."

"Can nake zuwa kamun kifi. Ta gefen da wani itace ya faɗa ruwa. Kifin ma babu, sunan ne kawai. Sanyi ne da ciwon baya."

"To, Yaya."

"Kuma ba a surutu a wurin."

"Ni ma ba ni da surutu."

"Na sani," in ji Yom. Ya soka ƙarafan motarsa ƙarƙashin tulin, ya ɗaga, ya yi baya ƙararrawar motar tana kuka, ya tafi.

Darmaji ya tsaya jim. Sannan ya zagaya ta tagar ɗakin girki, inda Inna Malsun ke yanka kabeji.

"Inna, ya faɗi wuri."

Wuƙar ta tsaya. "Rana fa?"

"Bai faɗa ba."

"Ya ce ka zo?"

"Bai ce ba. Ya dai ce ba a surutu."

Ta yi tsaki, ta ci gaba da yanka. "Rabin magana ke nan. Wannan mutum da taurin kai yake."

"To gaisuwa ce ko gayyata?"

"Wannan kam, Maji, ni da aka haifa a nan ma ban sani ba. In ka ga za ka, kada ka dafa komai. Ka dai sa riga mai kauri, bakin ruwa ba wasa ba ne yanzu."

Ya jinjina kai. In ya je gobe ya tarar da itacen babu kowa a gindinsa, to Lahadi ce irin sauran, sai dai wannan da ruwa a gabanta. In kuwa ya tarar da mutum, bai bar zuciyarsa ta ƙarasa wannan tunanin ba, ya ga abin da saurinta ya jawo masa. Ya dai tuna akwai wata tsohuwar rigar sanyi a ƙasan jakarsa da ke bukatar a shanya ta ta sha iska.

Daga ciki aka ƙwala masa kira, an gama ɗaura ƙarfen. Injin ya yi tari, ya kama ruri. Darmaji ya zaro safar hannu daga aljihun baya, ya kakkaɓe ta a cinya, ya nufi wurin aikinsa yana sakawa.